Ƙiba a ƙaramin asibiti: me za mu yi bayan "a rage ci"?

Babbar Sista:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina so mu tattauna, musamman mu da ke aiki a ƙananan asibitoci inda maras lafiya ke fara zuwa. Hawan jini muna da tsarinsa: a auna, a rubuta magani, a ba da ranar dawowa. Ciwon suga ma haka. Amma ƙiba, wadda sau da yawa ita ce ke ƙarƙashin su biyun, abin da muke mata bai wuce magana ɗaya ba, ita ma sai mutum ya miƙe zai fita: "A rage ci, a riƙa motsa jiki." Ba ma rubuta komai a kati, ba ma cewa a dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya miliyan 890 ne ke fama da ƙiba, kashi 16 cikin 100 na manyan duniya ke nan, kuma abin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. To a cikin 'yan mintocin da muke samu da kowane mutum, me za a iya yi na gaske?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Sista. Ni fa kar a ga laifina, ban ga abin da ya wuce wannan maganar ba. Layi har bakin ƙofa, ga mai zazzaɓi, ga yaro na suma, sai in zauna lissafa wa babban mutum lomar da yake ci? Kowa ya san abin da ke sa ƙiba. Wanda ya so ya rage zai rage.

Likitan Iyali:
Malam, zan dawo kan "wanda ya so zai rage", don a nan gardamar take. Amma bari mu fara da awo, don ko shi ba ma yin sa daidai.

BMI dai kowa ya sani: nauyi a kilo, a raba da tsayi a mita sau kansa. Mace mai kilo 95 da tsayin mita 1.65 za ta ba ka kusan 35. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce. Sai dai lissafin bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Mai ɗaga ƙarfe zai iya kai 30 lafiyarsa ƙalau, wani kuma yana 26 amma duk kitsen a tumbi yake, shi ne ke kusa da ciwon suga. Shi ya sa nake roƙon kowa ya ajiye tef ɗin awo a aljihu. Mutum ya tsaya, ya ɗaga riga, ka laluba ƙarshen haƙarƙarinsa na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef a tsakiyarsu. Ka ce ya saki numfashi a hankali, kar ya shanye ciki, don kusan kowa sai ya shanye. Kar a auna a kan ɗamara ko inda wando ya tsaya. Namiji ya wuce santimita 102, mace ta wuce 88, haɗarin ya yi yawa sosai, kuma tun daga 94 da 80 ya kamata a fara lura. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce wadda hukumar NICE ta Birtaniya ta shigar a ƙa'idarta a 2022: ƙugunka kar ya kai rabin tsayinka. Hukumar dai ita ce ta sauko da ma'aunin BMI ga baƙar fata, mutanen Asiya da na Gabas ta Tsakiya, zuwa 23 da 27.5, saboda ciwon suga na kama su tun nauyi bai kai na Turawa ba.

Bayan awo sai tambayar da ta fi muhimmanci: ƙibar ta riga ta yi ɓarna? Jini, suga, kitsen jini, hanta, gwiwa, minshari mai yankewar numfashi, rikicewar al'ada. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a Janairun 2025 yana raba ƙibar da ta riga ta taɓa gaɓoɓi da wadda ba ta kai nan ba tukuna. Mutum biyu masu BMI iri ɗaya ba lallai su buƙaci kulawa iri ɗaya ba.

Maman Biyu:
Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ƙawata ce ta sa ni a zauren nan, amma maganar ta shafe ni. Baban Ummi, da girmamawa, babu mai ƙibar da bai san yana da ita ba. Madubi ya faɗa masa, kujera ta faɗa masa, dangi sun faɗa masa. Abin da ke hana irinmu zuwa asibiti shi ne duk abin da ka kawo sai a ce ƙiba ce. Na taɓa zuwa wani asibiti da ciwon gefen ciki, likitan ko taɓa ni bai yi ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in rage nauyi. Daga baya a wani wuri aka yi hoto aka ga tsakuwa ce a matsarmama. Sannan abin awon jinin nan da ake naɗawa a dantse, nasu bai zagaye hannuna, nas ɗin sai ta riƙe bakinsa da yatsa tana busawa yana ɓallewa. Sikelin kuma a tsakiyar ɗakin jira yake, a kira lambar da ƙarfi kowa na ji.

Babbar Sista:
Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar abin awon jinin nan ba ƙarama ba ce. In ya yi wa dantse kaɗan, lambar da yake bayarwa ta fi ta gaskiya, sai a ɗora wa mutum maganin hawan jinin da wataƙila ba ya buƙata. Kowane ɗaki ya kamata a samu babba.

Likitan Iyali:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ne dalilin da ya sa ƙa'idar Kanada ta 2020 ta sa neman izini a matakin farko. Ka gama da abin da ya kawo mutum tukuna, sannan ka ce, "Za ki yarda mu ɗan yi magana kan nauyinki, yau ko wani zuwan?" In ta ce a'a, shi ke nan, ƙofa a buɗe take.

Yanzu Baban Ummi. Mutanen da ke zuwa wurinmu yawancinsu sun taɓa rage nauyi, wasu sau da dama. Ragewar suna iyawa, riƙewar ce ke gagara, kuma akwai dalili a jiki. A 2011 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun sa mutum 50 a kan abinci mai ƙarancin kuzari na mako 10, suka rame sosai, sannan aka bi su shekara guda. Bayan shekarar, sinadarin ghrelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake tun farko, leptin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya yana ƙasa, mutanen kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Ga shi jikin da ya rame yana ƙona kuzari ƙasa da da. Wato mutum na kokawa da yunwar da ta ƙaru da jikin da ya koyi tsimi, mu kuma muna ce masa ba shi da himma. Ciwo ne mai daɗewa mai dawowa, kuma duk ciwon da ke dawowa ranar dawowa ake ba shi.

Baban Ummi:
Likita na ji bayanin sinadari, ban musa ba. Amma lokacin fa? Kin ba ni ƙarin aiki, ba ki ba ni ƙarin minti ba.

Likitan Iyali:
Akwai gwajin da aka yi don irin wannan ƙorafin naka, Malam. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun wallafa shi a 2016. Likitocin iyali a Ingila, bayan sun gama da abin da ya kawo mai ƙiba, suna ɗaukar daƙiƙa 30 kacal. Rabin mutanen an ba su shawara kawai cewa rage nauyi zai amfane su. Sauran rabin an ce musu akwai ajin rage nauyi na mako 12, aka kuma yanka musu ranar farawa kafin su bar asibitin. Bayan shekara, masu shawara kawai sun rage kilo 1 da ɗan kai, waɗanda aka tura sun rage kusan kilo 2 da rabi, duk da cewa kashi 40 cikin 100 ne kawai suka halarci ajin. Kuma kashi 81 cikin 100 sun ce maganar ta dace kuma ta taimaka. Abin lura shi ne bambancin bai zo daga daɗin bakin likita ba, ya zo ne daga samun wurin da za a tura mutum da ranar da aka yanka masa.

Baban Ummi:
Kilo biyu da rabi a shekara? A jikin mai kilo 110? Ai ko a fuska ba za a gani ba.

Mai Haɗa Magani:
Matsakaici ne Malam, har da waɗanda ba su je ba aka haɗa. Kuma fuska ba ita muke nema ba. Babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, burin da aka sa wa mutane shi ne rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiya minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali maganin suga metformin ya rage kashi 31. Matar nan mai kilo 95 da Likita ta ba da misali, kilo 6 ko 7 ke nan. Har yanzu za a kira ta mai ƙiba, amma jininta da sugarta sun san an yi wani abu.

Ni abin da nake so in ƙara daban ne. Kafin ku tambayi me mutum yake ci, ku ce ya zazzage jakar magungunansa a kan tebur. Za ku sha mamaki. Prednisolone da dexamethasone da ake sha ba ƙa'ida don ciwon gaɓɓai ko asma, fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Insulin da glibenclamide na masu ciwon suga. Olanzapine da clozapine na masu taɓin hankali, waɗanda kan ƙara wa mutum kilo masu yawa cikin 'yan watanni. Valproate na farfaɗiya, amitriptyline da mirtazapine na ciwon damuwa, cyproheptadine da ke cikin magungunan buɗe ciki. Wasu ana iya musanya su, wasu ba za a taɓa ba, amma aƙalla a sani, a kuma faɗa wa mai shan. Kar dai kowa ya ce wa mai shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya ya daina don ƙiba, a tuntuɓi wanda ya rubuta.

Sannan shayin rage teɓa da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet. Yawanci maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwa kake zubarwa, sikeli ya yi maka ƙarya na kwana biyu. Mafi muni, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kayan, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗan Aji Biyar:
Ranku ya daɗe, ni ɗalibi ne, a yi mini afuwa in na yi katsalandan. Amma ina ganin duk wannan zancen na da ne. Allurar rage ƙiba ta semaglutide a gwajin STEP 1 na 2021 ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi a mako 68, masu allurar bogi (wadda babu magani a ciki, don kwatantawa) kashi 2.4. Wata allurar, tirzepatide, a 2022 ta kai kusan kashi 21 a mako 72. Gwajin SELECT na 2023, mutum fiye da 17,000 masu ciwon zuciya da nauyi amma ba su da suga, semaglutide ya rage haɗarin bugun zuciya, shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100. Me zai sa mu ci gaba da fama da kilo biyu alhali ga allura sau ɗaya a mako?

Likitan Iyali:
Ƙanena, lambobinka daidai ne, kuma ba na cikin masu raina allurar. A aikinmu ba mu taɓa samun magani irinta ba. Amma ka karanta ci gaban STEP 1 ɗin: da aka daina allurar, cikin shekara guda mutanen sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage, jini da suga ma suka kama hanyar komawa inda suke. Ma'ana magani ne na dogon zango kamar na hawan jini, kuma mai tsada. In mutum zai iya sayen wata uku ne kawai, ka faɗa masa gaskiyar abin da zai biyo baya tun kafin ya fara. Ka kuma tuna duk mutanen gwajin nan, har masu allurar bogi, ana zama da su akai-akai kan abinci da motsa jiki. Allurar ba ta kore bibiya ba, ƙara ta ma ta yi: ana farawa da ƙaramin awo a riƙa ɗagawa duk mako huɗu, ga tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin ciki, ga tsakuwar matsarmama, ga tsoka da ke zubewa tare da kitse in ba a cin abinci mai gina jiki ana motsa jiki. Wa zai bi duk wannan in ba ƙaramin asibiti ba?

Mai Haɗa Magani:
Ga kuma jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan Ozempic (sunan kasuwa na semaglutide) na jabu da aka gano a Birazil, Birtaniya da Amurka. Wasu jabun da aka kama a Turai insulin aka samu a ciki, mutane suka faɗi sugarsu ta yi ƙasa. Duk wanda ya zo muku da alƙalamin allura da ya saya a hannun wani a intanet, ku duba shi da kyau, ku tambayi inda ya fito.

Ungozoma:
Ku yi haƙuri in tsoma baki ta ɓangarenmu. Mace mai shekarun haihuwa, kafin a rubuta mata allurar nan a tambaye ta maganar ciki. Ba a yin ta da juna biyu, kuma semaglutide sai an daina da wata biyu kafin a nemi ciki. Tirzepatide kuma yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a makonnin farko da duk lokacin da aka ɗaga awo. Abin da mutane ke mantawa shi ne matar da ƙiba ta rikita wa al'ada, da ta fara ramewa ƙwai na iya dawowa, sai ga ciki ba shiri, ita kuma ta daɗe da sakin jiki cewa ba ta ɗauka.

Maman Biyu:
Likita, to wanda ba shi da halin allura fa? Sai ya haƙura?

Likitan Iyali:
A'a Hajiya. Gwajin da na fi so in ba da labarinsa babu allura a ciki, kuma a ƙananan asibitoci aka yi shi, a Sikotlan da arewacin Ingila. Sunansa DiRECT, an wallafa a 2017. Masu ciwon suga da bai wuce shekara 6 ba, aka sa su a abincin ruwa na musamman mai kalori kusan 850 a rana na wata 3 zuwa 5, sannan aka dawo da abinci a hankali, ana ganinsu duk wata. Nas-nas da masana abinci na asibitocin ne suka gudanar, bayan ɗan gajeren horo. Bayan shekara, kashi 46 cikin 100 sugarsu ta daidaita ba tare da magani ba, a rukunin da aka bari kan kulawar da aka saba kuma kashi 4. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86. A shekara ta biyu ya sauko zuwa kashi 36, don nauyi na dawowa, amma duk da haka ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kowa zai iya wannan ba, kuma ba a yin sa ba tare da kulawar ma'aikaci ba. Ga yawancin mutane, abin da nake yi shi ne in ce su ba ni labarin jiya tun daga farkawa har kwanciya: me aka ci, me aka sha, ƙarfe nawa, wa ya dafa, awa nawa aka yi barci. A nan za ka ga lemon kwalba uku da mutum bai lissafa su a abinci ba, ko mai aikin dare da ba ya samun barcin awa biyar. Sai mu zaɓi abu ɗaya ko biyu, shi zai zaɓa ba ni ba, mu rubuta a kati, ya dawo bayan mako biyu zuwa huɗu. Rigimar wane tsarin abinci ya fi, rage kitse ko rage sitaci ko taƙaita lokacin ci, ba na shiga, don bayan shekara sakamakonsu kusan ɗaya ne, wanda mutum zai iya riƙewa shi ne nasa. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa, gara a faɗi gaskiya, amma yana taimakawa wajen hana nauyi dawowa, kuma yana gyara suga da jini ko sikeli bai motsa ba. Kwamitin rigakafi na Amurka a 2018 ya lura cewa shirye-shiryen da suka yi tasiri yawanci zama 12 ne ko fiye a shekarar farko. Ba dole likita ne zai yi duka ba. Nas za ta iya, jami'in lafiya zai iya, ana iya haɗa mutum goma a zama ɗaya, ana iya kira a waya.

Ɗan Aji Biyar:
Na gode Likita. Tiyata fa, yaushe ake turawa?

Likitan Iyali:
Tsohuwar ƙa'idar 1991 ita ce BMI 40, ko 35 tare da wata cuta kamar suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙiba sun sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Namu shi ne mu ambace ta da wuri, mu tura, kuma in sun dawo mu tuna za su sha ƙarin bitamin B12, sinadarin ƙarfe da kalsiyam har tsawon rai.

Baban Ummi:
To na sauko rabi. Tef zan saya, jakar magani zan riƙa dubawa, wannan ba ya cin lokaci. Amma zama 12 ɗin nan har yanzu ban ga wanda zai yi shi a wurin da ma'aikaci biyu ke duba mutum tamanin ba. In ba a ware rana da mutum guda don wannan aikin ba, a takarda zai tsaya.

Babbar Sista:
A nan ban musa maka ba Malam. Abin da nake tunani shi ne a jingina shi da ranar masu hawan jini da suga, tunda suna zuwa duk wata dama, kuma yawancinsu su ne masu ƙibar. A ƙara layi biyu a katinsu, nauyi da ƙugu, a mayar da sikeli bayan labule, a yi zaman minti ashirin da su tare kafin a fara kira. Zan kai wa shugabar sashenmu shawarar.

Mai Haɗa Magani:
Sista, in za ku fara da wannan rukunin, ku sa ido kan magungunansu. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin da ya rage ci sosai, sugarsa na iya faɗuwa tun a makon farko, kafin sikeli ya nuna komai. A DiRECT ma ranar da aka fara abincin aka tsayar da magungunan suga da na hawan jini, ana aunawa, ana mayarwa in an ga buƙata. Duk wanda ya ce muku yana jin jiri in ya miƙe, ko gumi da rawar jiki kafin lokacin cin abinci, a auna jini da suga a take, a kai wa likita katin ya duba awon maganin kafin mutumin ya tafi gida.